Kuɗin Takalmi

Ni tela ne a Kasuwar Barci,
ƙafata kan feda tun hantsi har la'asar,
amma Nafi'u, ɗana mai shekara tara,
ƙafarsa ba ta san ƙasar layinmu ba.
Ni na hana.
Na ce titin Tudun Wada ba wurin yaro ba ne,
ga masu babur, ga keke mai ƙafa uku,
ga kwata a buɗe kamar bakin kada.
Na miƙa masa tsohuwar wayata,
ya raɓe a kusurwar ɗaki yana latsawa,
shiru kamar tulu a bayan ƙofa.

Maƙwabta suka ce, kai, ɗanka akwai natsuwa.
Na ji daɗi.
Ashe ciwo nake kiwo.

Tuwo ya zo, ya ɗan lakata, ya ture.
Dare ya raba, yana juyi kan katifa.
Matakala huɗu ce a masallacinmu,
ya hau yana haki kamar ya ɗauko buhu daga Kawo.
Mura ta tafi, mura ta dawo,
sai ka ce ta biya haya a ƙirjinsa.

A asibiti wata nas, Rifkatu,
mai tabarau a tsinin hanci,
ta saurari ƙirji, ta duba ido,
sannan ta juyo gare ni:
“Malam Hashimu, yaushe rabon yaron nan da gumi?”
Na rasa ta cewa.
Ta ce, “Ƙashi sai an taka shi yake ƙwari.
Zuciya tsoka ce, aiki ke gina ta.
Huhu kuwa zugazugin maƙeri ne,
ka rataye shi, fatar ta bushe.
Ga ɗan magani na mura,
sauran maganin yana fili. Sake shi ya yi gudu.”

Na fito ina ƙunƙuni,
kuɗin mota kawai na ɓatar.

Duk da haka ran Asabar na rufe shago da wuri,
muka je filin firamare na bayan layi.
Can ana langa, nan ana gara taya,
'yan mata igiya na dukan ƙasa, suna ƙirge.
Ya riƙe gefen rigata gam.
Sai wani ɗan ƙiriniya, Mudan, ya ƙwala kira:
“Kai mai jar riga, zo, ba mu da gola!”

Ranar ya faɗi. Gwiwa ta kurje, ya yi kuka.
Saura ƙiris in ce an gama.
Uwarsa Zuwaira ta wanke da ruwan ɗumi,
ta ce, “Bar shi, da faɗuwa ake koyon tashi.”

Damina ba ta ƙare ba
muka ga malmala biyu na ɓacewa, ana neman ƙari.
Bayan isha'i barci ya ɗauke shi kamar dutse a rijiya,
da asuba shi ke tashina.
Malamarsu ta ce gyangyaɗi ya bar ajin lissafi.
Dariyarsa, wadda na manta sautinta,
yanzu tun daga bakin layi take sallama,
da jan laka har gwiwa.
Wayar tana kan taga, babu mai tambayarta.

Sai dai takalmi!
Ƙafa uku tun ƙaramar salla.
Mai gyaran takalman bakin kasuwa
ya san mu, har yana mana ragi.
Ina biya, ba na ƙorafi,
gara shi da mai kemis.

Jiya bayan magariba ya ce, “Baba, mu yi tsere
daga masallaci zuwa ƙofar gida.”
Na naɗe ƙafar wando, na ce ai ni ne mai feda.
Kafin in kai shagon mai shayi
ya taɓa ƙofa, ya dawo ya same ni
dafe da bango, numfashi na neman guduwa.

Ya dube ni, ya karkata kai,
ya gyara tabaran da ba shi da su:
“Malam Hashimu,
yaushe rabonka da gumi?”